Baƙuwar Yumɓu a Falon Alhaji Gwadabe

Duk garin da Allah ya so da alheri sai ya ba shi mutum ɗaya da zai riƙa yi masa tunani. Mu mutanen Wudil an ba mu Alhaji Gwadabe Mai Zoɓo, kuma ba mu da bakin godiya. Ashe da can a cikin duhu muke ba mu sani ba. Muna noma, muna kai shanu kasuwar kara ranar Juma'a, muna cin gasasshiyar masara a bakin gada, amma ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi daga ina kakannin masarar nan suka fito. Alhaji ne ya zo ya fitar da mu kunya.

Asalinsa dillalin zoɓo ne, kuma ya iya sana'arsa, wannan ba a ja. Yana bin ƙauyuka yana sayen busasshen zoɓo, a ɗura a buhuna, a loda a mota zuwa Legas, daga can jirgin ruwa ya kai shi wata ƙasa mai suna Mekziko, inda aka ce mutanenta suna shan zoɓo kamar mu. Bara ƙungiyar 'yan zoɓo ta shirya tafiya don su je su ga masu sayen kayansu ido da ido. Wani ya fasa, kujerarsa ta faɗo kan Alhaji.

'Yan kwanaki suka yi. Yawancinsu a ɗakin otal Alhaji ya yi su yana fama da ciki, domin ya yi wa barkonon mutanen can kallon raini. Ranar da ya samu sauƙi aka kwashe su zuwa wani katafaren gidan tarihi, inda ake ajiye kayan mutanen da suka zauna a ƙasar tun kafin Turawa su san da ita. Ya shiga bayan azahar, ya fito kafin la'asar. Wasu sai gashinsu ya yi fari a jami'a kafin a kira su masana. Alhaji, da yake Allah ya hore masa ƙwaƙwalwa, tsakanin salla da salla ya kammala.

A bakin ƙofar fita akwai wani shago da ake sayar wa baƙi kwaikwayon kayan da suka gani a ciki, sababbi fil, an jera su kamar kofunan mai shayi. A nan Alhaji ya zaɓi tsarabarsa. Abokan tafiyarsa duk sun gan shi yana taya ta. Shi ma bai taɓa musa hakan ba, bai dai taɓa ambatarsa ba.

Tsarabar kuwa mutum-mutumin yumɓu ce, siffar mace, tsawonta bai fi na kwalbar lemo ba. Tana da faffaɗan goshi, da hula mai zane, da manyan 'yan kunne, ta ɗaga hannu sama tana dariya haƙora waje. Alhaji ya raɗa mata suna Gimbiyar Berakurus, domin daga wannan yankin na Mekziko aka haƙo ire-irenta na ainihi. Ya kira kafinta ya yi mata akwatin gilashi, aka sa ƙwan lantarki a ciki, aka kafa ta a tsakiyar falo. Hoton aikin hajjinsa da ke wurin aka mayar da shi bayan ƙofa.

Daga ranar majalisarmu ta gindin dalbejiya ta zama aji. Da can mukan taɓa hirar farashin taki da ƙwallon ƙafa. Yanzu da Alhaji ya karkace hula ya yi gyaran murya, kowa ya san an shiga darasi.

“Ku saurara, jama'a,” in ji shi. “Akwai wani Bature, Kolombos, da ake cewa wai shi ya gano nahiyar. Ni da na je na duba, na tarar ba haka ba ne. Ya tarar da mutane da biranensu da gine-ginensu. Fiye da shekara dubu ke nan suna murza yumɓu suna fitar da fuska mai dariya. Masarar nan da kuke ci, tasu ce. Tumatir, nasu ne. Barkono ma nasu ne, kuma ina mai shaida muku na can ya fi naku tarbiyya.”

Gaskiya akwai abin ji a ciki, ranar farko. Har mun yi mamaki. A rana ta biyu muka gyaɗa kai. Da aka yi mako ana abu ɗaya, Garzali tela ya fara tuna cewa yana da ɗinkin gaggawa, mai goro ya fara jin ana kiransa a gida. Samari suka sa wa Alhaji suna Farfesan Yumɓu. Da sunan ya kai kunnensa bai yi fushi ba ko kaɗan. Cewa ya yi yaran yanzu suna da hangen nesa.

Kada a ce ilimin nasa a majalisa ya tsaya. Ranar kasuwa ya taka har layin masu tukwane, hannu a baya, yana duba tulu da randa da kasko kamar wanda gwamnati ta aiko. Ya ɗauki wani asusu ya ƙwanƙwasa, ya girgiza kai cike da tausayi.

“Yumɓu ɗaya, basira daban,” ya ce. “Ku kuna gina abin zuba ruwa. Su kuwa tarihi suke ginawa. Da za ku zo gidana ku ga Gimbiya, da kun koma kun sake lale.”

Tsohuwar da ke da kayan ta ce, “To Alhaji, za ka saya ne, ko za ka ɗan matsa? Ka tare mini masu ciniki.” Alhaji ya matsa. Daga baya ya gaya mana matar ta kasa haɗa ido da shi saboda nauyin maganar.

Inda abin ya fara ɗaukar zafi shi ne wani zaman makoki a Dagumawa. An yi addu'a, an shafa, kowa ya yi shiru yana jan carbi. Alhaji kuwa ba ya iya ganin shiru ya ƙyale shi. Ya numfasa ya ce mutuwa dai ɗaya ce, amma jana'iza kowa da irin tasa. Su mutanen can, in ji shi, idan nasu ya mutu sai su binne shi tare da irin mutanen yumɓun nan, su yi masa rakiya. Ya ƙara da cewa shi ma yana da ɗaya a gida, ya kunna mata fitila, duk mai so ya zo ya gani. Aka rasa wanda zai ce uffan. Alhaji ya ɗauki shirun a matsayin girmamawa.

Magana kuwa ba ta buƙatar kuɗin mota. Kafin ta isa Lajawa ta yi ƙiba. Aka ce Alhaji Gwadabe ya dawo da gunki daga ƙasar arna. Aka ce fitilarsa ba ta mutuwa. Aka ce da shi yake shawara kafin ya sayi zoɓo, shi ya sa bai taɓa faɗuwa ba. Wata mata ta rantse ƙanwar kishiyar maƙwabciyarta ta ji abin yana ƙyalƙyala dariya.

Da a ce Lajawa gari ne kawai a kan hanya, da ba komai. Amma a can zuciyar Muhsin take. Muhsin shi ne babban ɗan Alhaji namiji, malamin firamare, yaro mai kunya wanda bai gaji ko kwatar surutun ubansa ba. Ya daɗe yana neman wata yarinya, Zahra'u, ita ma tana son sa, ba ɓoye-ɓoye. An kai gaisuwa, an karɓa, saura sa rana. Waliyyinta shi ne baffanta, Malam Labaran, malamin zaure, mutum mai sanyin magana wanda in ya ce a'a ba a sake tayar da zancen. Sai kawai aka ji shiru daga Lajawa. Aka aika, aka ce Malam yana nazari. Zahra'u ta bugo wa Muhsin waya tana kuka, ta ce baffa ya ce ba zai kai 'yar ɗan'uwansa gidan da mala'iku ba sa shiga ba.

Muhsin ya shiga damuwa ƙwarai. Ya daina cin abincin kirki, wuyansa ya fito, ya koma zama shi kaɗai a bakin kogi. Mu kanmu ya ba mu tausayi. Bai iya tunkarar ubansa ba, sai uwarsa, Hajiya Mas'uda, ta ɗauki maganar. Dama tana da tata a ƙasa, domin tun zuwan Gimbiya ta daina salla a falo, kuma ita ce aka ɗora wa goge gilashin.

“Alhaji, don girman Allah ka fitar mana da abin nan,” ta ce. “Auren yaron nan zai lalace a kan kasko mai haƙora.”

“Kasko!” Alhaji ya dafe ƙirji. “Hajiya, ban ga laifinki ba, ba ki fita waje ba. Duk wanda ya zo wa mutanensa da haske sai an yi masa haka. Yau suna gudu na, gobe su ne za su sa wa titi sunana. Muhsin ya yi haƙuri. Ilimi yana da tsada, kuma wani ne yake biya.”

Lura da kyau, bai ce shi zai biya ba.

Ana nan sai saƙo ya zo cewa Malam Labaran ba ya yanke hukunci a kan ji-ta-ji-ta, zai zo da kansa ya gani da idonsa. Duk gidan hankali ya tashi, ban da mai gidan. Shi murna ya yi. Ya zo majalisa yana sheƙi, ya ce, “Kun gani ko? Malamai sun fara tattaki.” Ya sa aka wanke babbar rigarsa ta shadda, aka sauya wa Gimbiya ƙwai mai ƙarin haske. Garzali tela ya ba shi shawara ya jefa abin a buhu ya kai shago har baƙi su tafi. Alhaji ya dube shi kamar ya ce a ɓoye wata.

Malam Labaran ya iso bayan la'asar, da farar riga da sandarsa, tare da ƙaninsa Malam Tasi'u. Aka gaisa, aka tambayi gida da gona da iyali da gajiya, aka sake tambaya. Aka kawo zoɓo mai sanyi. Muhsin ya durƙusa ya gaishe su, ya koma bakin ƙofa ya rakuɓe. Hajiya tana bayan labule, inda ba a ganinta amma ba abin da ke wuce ta.

Malam bai kai ga buɗe baki ba Alhaji ya miƙe ya tsaya gefen gilashi.

“Allah gafarta Malam, na san abin da ya kawo ku, kuma na yaba. Ba kowane malami ne zai yarda akwai sauran abin da bai sani ba. To ga ta nan. Ku dubi dariyar nan. Manyan masana na duniya sun yi ta kai-kawo a kan ma'anarta, har yau ba su daidaita ba. Wasu sun ce ta masu rawa ce a wurin bukin bautarsu. Wasu sun ce ta abin bautarsu ce na kiɗa da wasa. Ni dai ina da nawa ra'ayin, ina nan ina tace shi. A kabari ake samun su, Malam, kusa da mamaci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.”

Duk kalmar da ta fito, Muhsin sai ya ƙara nutsewa a ƙasa. Malam Tasi'u yana ta a'uziyya a hankali. Daga bayan labule aka ji wani abu ya faɗi, mai kama da murfin tukunya.

Malam Labaran ya tashi, ya matso, ya sunkuya ya daɗe yana kallon Gimbiya. Ita ma tana kallonsa tana dariya. Ya koma ya zauna.

“Alhaji, na gode da karatu,” ya ce. “Ni ban san mutanen nan ba. Ga alama Allah ya ba su hannu, kuma hisabinsu yana wurinsa. Ni abin da ya dame ni falon nan ne, domin nan 'yata za ta riƙa zuwa gaishe ka. Abin da muka karanta shi ne, siffa irin wannan in an ɗaukaka ta, an yi mata gida, an kunna mata fitila, to ba ma shiga sha'aninta, ba ma ba da 'ya a kai gidan. In kuwa 'yar tsana ce ta wasan yara, wadda ake ja a ƙasa, wannan an yi sauƙi a kanta, Nana A'isha ma ta yi wasa da irinsu tana ƙarama. Kai ka je ƙasar, kai ka sayo ta, kai ne masani. Ba zan yi maka shisshigi ba. Ka faɗa mana da bakinka, wace ce a ciki? Abin da ka ce shi zan ɗauka.”

Tunda muke da Alhaji ba a taɓa ce masa masani a gaban shaidu ba sai ranar. Kuma ba a taɓa yi masa tambayar da ya rasa amsarta ba sai ranar. Ya gyara hula. Ya dubi Gimbiya, wadda saboda ita ya zama Farfesa, saboda ita ya samu abin faɗa a duniya ban da farashin buhu. Sannan ya dubi bakin ƙofa. Muhsin na rakuɓe a wurin. Kansa na ƙasa, hawaye na ɗiga a kan gwiwar wandonsa.

A nan dole mu faɗi gaskiya ko da za ta ɓata mana labari: Alhaji yana son ɗansa. Surutu ne ya yi masa yawa, ba mugunta ba.

“To... a wani ƙaulin,” ya fara, murya ƙasa-ƙasa, “idan aka duba ta wata fuskar, akwai masanan da suke ganin...”

“Alhaji, kunnena ya tsufa,” in ji Malam. “Ɗan ɗaga murya.”

“'Yar tsana ce.”

“Ta wasan yara?”

“Ta wasan yara.” Ya kawar da kai. “A shago ma na saye ta. Suna nan da yawa.”

“Alhamdu lillahi,” Malam Labaran ya ce, ya shafa gemu. “Ka ga yadda mutane suke ɗaukar alhakin bawan Allah. To wace yarinyar ce mai ita? Na ga kamar an kulle mata abin wasanta a gilashi.”

Kafin Alhaji ya samo wani ƙaulin, labule ya motsa, aka turo Khaulat cikin falo. Jikarsa ce, 'yar babbar 'yarsa, ba ta fi shekara huɗu ba, hannunta duk maiƙon ƙuli-ƙuli. Hajiya ba ta taɓa yin abu da sauri irin na ranar ba. Alhaji ya laluba aljihu ya ciro ɗan makulli, ya buɗe gilashin da kansa. Ya miƙa wa yarinyar Gimbiyar Berakurus da hannu biyu. Ita kuwa ta cafke ta ta ƙafa ɗaya, kai a ƙasa, ta ruga tsakar gida tana kiran a ba ta ɗankwali za ta yi goyo.

A zaman nan aka sa rana. Malam Labaran ya shanye zoɓonsa har ya nemi ƙari.

Kwanakin da suka biyo baya Alhaji ya ɗan yi sanyi, amma irin su ba sa mutuwa da wuri. Ba a jima ba ya dawo majalisa da sabon bayani: wai da gangan ya yi, dabara ce ta shigar da tarihi cikin zukatan yara tun suna ƙanana, haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Muka ce ƙwarai kuwa. A lokacin Gimbiya ta riga ta rasa ɗan kunne ɗaya, an yi mata kwalli da gawayi, kuma an sha yi mata wanka a kwatami.

Ranar ɗaurin aure Lajawa ta cika. 'Yan zoɓo sun zo daga Kano, malaman makarantar su Muhsin sun zo, mu ma 'yan majalisa mun cika mota guda. Ango yana ta murmushi, wuyansa ya koma yadda yake. Alhaji ya sha babbar riga, kuma tun da safe aka gan shi ya ja maroƙi Ɗan'auta gefe yana yi masa bayani da hannu, har da nuna yamma. Mun san abin da ake shiryawa. Yau za a sanar da duniya, a gaban taro, ko wane ne Farfesa.

Aka ɗaura, aka shafa fatiha. Ɗan'auta ya miƙe ya share maƙogwaro. Shi kuwa mutum ne da ba ya riƙe dogon bayani, abin da gari ke faɗa shi yake ɗauka ya sa masa gishiri.

“Ina uban ango! Alhaji Gwadabe na Wudil, mai zoɓo, mai hannun kyauta! Jama'a ku ji tausayi irin na manya! Mutumin da ya hau jirgin sama, ya ƙetare teku, ya je har bangon duniya, bai sayo agogo ba, bai sayo rediyo ba, ya ce shi ba abin da zai kawo gida sai 'yar tsanar jikarsa! Kakan Khaulat, ka gama lafiya! Wa ya taɓa jin kaka irin wannan!”

Wuri ya ɗauki sowa. Tsofaffi suna gyaɗa kai suna sa masa albarka, wani dattijo har da share ƙwalla. 'Yan zoɓon da suka yi tafiyar tare da shi suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Mutane suka yi ta zuwa suna riƙe hannunsa suna cewa Allah ya bar zumunci, yadda ya ji ƙan yarinyar nan shi ma Allah ya ji ƙansa.

Alhaji ya ɗaga hannu zai yi gyara. Ɗan'auta ya ɗauka kyauta ce ta taso, ya matso ya buɗe aljihun rigarsa, ya sake rangaɗa kirarin daga farko da ƙarfi. Idon jama'a duk yana kan uban ango. Haka Farfesan Yumɓu ya sa hannu a aljihu, a gaban Wudil da Lajawa, ya biya kuɗin sabon sunansa.